Farin Jinin Inna

Kusfa, Birnin Zariya,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Kabir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan kai da Anti Batul da yara kuna lafiya a Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan da godiya. Ƙanwarmu Salma ta yaye ɗanta, ruwa kuma ya zubar da kusurwar katangarmu ta baya, har yau ba mu samu sukunin gyarawa ba.

Batun Inna ne ya sa na rubuto, don a waya ba na iya tsara magana. Ranar Alhamis aka yi mata ƙarin maganin ciwon dajin karo na uku. Likitar ta zaunar da ni ta ce a jinin kowa akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne garkuwar jiki. Duk cutar da ta shigo su suke tare ta su cinye, wasunsu har sukan riƙe kamanninta saboda gaba. To, maganin ba ya bambance ɓarawo da maigadi, yana kashe dajin yana kashe su. Ta ce daga kwana bakwai zuwa sha huɗu suke yin ƙasa sosai, kafin ɓargo ya samar da sababbi, kuma a tsakanin nan murar da kai za ka kora da shayin citta tana iya kwantar da Inna a asibiti, ko abin ya wuce haka. Na rubuta duka a littafina, na karanta mata ta tabbatar, don ban yarda da kaina ba.

Duk da haka sai da na yi kuskure. Ƙanwar Baba, Goggo Jummai, ta tambaye ni, na gajarce na ce farin jinin Inna ne ya yi ƙasa. Ta miƙe tana tafa hannu, wai matar da ta karɓi haihuwar rabin Kusfa ce za a ce farin jininta ya ragu, wannan bakin mahassada ne. Jiya da hantsi sai ga Keke Napep uku daga Limancin Kona, cike da mata da kunu da lemo, an zo ƙaryata ni. Na tsaya a zaure na tare su, ina bayani suna kallona, biyu cikinsu suna atishawa. Goggo ta ce boko ya kai ni ga hana dubiya, ta ajiye kununta a ƙasa ta juya. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ni na kunna wutar rikicin da bakina.

Inna ta ji muryoyinsu daga ɗaki. Ta ce dubiya ma magani ce, ta juya fuska ga bango, tuwonta ya huce a kwano. Safe da yamma ina auna zafin jikinta ina rubutawa, lambobin suna nan daidai, amma ban san ko tsare ta nake yi ba ko ɗaure ta. Na gaji, Yaya, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Ga abin da ya fi mini nauyi. Shekaranjiya da muke waya na ji ka yi tari sau huɗu, ka ce sanyin ofis ne. Asabar da ka sa za ka zo ita ce kwana na tara da ƙarin maganin. Ina roƙonka ka ɗage zuwa bayan mako biyu. Wataƙila tarin ba kome ba ne, wataƙila ni ce mai tsoro, amma idan na kori Goggo na buɗe maka, ban yi wa kowa adalci ba. Inna ta riga ta sa na sayo zogalen dambunka, ban iya faɗa mata batun ɗagewar ba. Ka kira ta ka faɗa da bakinka, daga gare ka za ta karɓa. Ka kira Goggo ma, ka bayyana mata farin jinin da nake nufi.

Ka miƙa gaisuwata ga Anti Batul, da Ibtisam, da ƙaramin Muntasir. Salma tana gaishe ku. Zogalen zan shanya shi a inuwa, zai jira ka. Kai dai ka nemi maganin tarin nan.

Ƙanwarka,
Raihana