Iskar da Inna ta fahimta

Yaya Hadiza,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya maigida da yara, ya zafin Agadas? Mu nan Tsarnawa lafiya, sai tarin Inna da ya ƙi sauƙi.

Wasu baƙi da suka auna hayaƙin murhu a gidajen garinmu sun dawo da sakamako, ni na fassara wa mata a lakwal, wato makarantar boko. Na ce iskar ɗakunanmu ba ta da kyau. Inna ta gyaɗa kai: "Na sani, ɗan nan, tun rasuwar babanku suke ciki." Yanzu kullum sai ta rufe ƙofa ta yi turaren korar iskoki, tari kuwa sai ƙaruwa.

Ni ta ce boko ke damuna. Maganarki take ji, don Allah ki kira ta. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki Sani