Hoton Kan da Na Aika Gidanku

Kafanchan,
4 ga Oktoba, 1977.

Zuwa ga Afiniki, farar accar da aka sheƙe da hantsi, inuwar ɗorawa a tsakar rani, ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse ba ya gajiya.

Ni ne Rufus Meshak, mai digiri a fannin labarin ƙasa daga jami'ar Zariya, malamin sakandare a nan Kafanchan, kuma mutumin da iyayenki suka karɓi gaisuwarsa bara a gaban dattawan ikilisiya. Manufar wannan wasiƙa guda ce: in san ko alkawarin aurenmu yana nan, bayan hatsarin babur da na yi a hanyar Kachia.

Ina kwance a asibiti labari ya iske ni cewa a garinku Fadan Kagoma ana raɗe-raɗin wai kaina ya taɓu. Na ƙudura in murƙushe jita-jita da hujjar kimiyya. Na roƙi likita hoton da na'ura ta ɗauka na cikin kaina, baƙin nan mai sheƙi da sai an ɗaga shi ga haske, na ba abokina Wilfred ya kai wa Baba a gidanku, domin ya gani da idonsa cewa tsagar da ke ƙoƙon kaina ba ta wuce silin gashi ba.

Wilfred ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya ce Baba ya ɗaga hoton ga rana a tsakar gida, Kaka ta hango ramukan ido babu ido, haƙora a yashe babu leɓe, ta ce wanda aka ɗauki hotonsa da kamannin kabari ai ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga. Ba a bar hoton ya kwana a gidan ba. Yanzu yana wurin Fasto, an yi addu'a a kansa. Tun daga ranar, ko gaisuwarki ban samu ba.

Ya ke tauraruwar asubahina, ashe ba kowane ɗan Adam ne ke yawo da wannan ƙoƙo a ƙarƙashin fatarsa ba? Da za a sa kan Fasto a na'urar, abin da za a gani ke nan. Ina girmama Kaka matuƙa, amma ba ajalina ta gani ba, halittar Ubangiji ta gani.

Sai dai ba zan gina aure a kan rabin gaskiya ba. Likita ya shaida mini cewa wannan hoto ƙashi kawai yake nunawa. Ƙwaƙwalwa kuwa, mazaunin hankali da tunani, ba ta fitowa a ciki. Na tambaye shi ko zan koma yadda nake, ya ce bai sani ba. A Ibadan akwai wata na'ura: za a yi mini allura, ta bi ta kan kaina a hankali tana zana taswira, a ga ko jini ya taru a ciki. Daga wannan taswira za su kintaci makomata. Ni da nake koya wa yara karanta taswirar duniya, ga shi za a shimfiɗa tawa ban iya karanta ta ba!

Kuma akwai abin da nake tsoro. Wani lokaci ina gaban allo kalma ta kuɓuce mini, kalmar da na sani kamar sunana, in tsaya da alli a hannu yara suna kallona. Shekaranjiya na wuce inda aka baza citta tana shan rana, mutane suna atishawa, ni kuwa ban ji ƙamshin komai ba.

Amma na tuna ranar da muke dawowa daga taron mawaƙa, ruwa ya tsare mu a rumfar tashar jirgi. Kin karya gasasshiyar masara biyu, kin ba ni ɓangaren da ya fi ƙonewa, kin ce ya dace da muryata. Na tuna ɗankwalinki mai ruwan ganye, da yadda kika matse shi kina dariya. Kan da ya riƙe wannan duka, za a ce ya lalace? Ko kuwa shi kaɗai zai rage mini, sauran su zube ɗaya bayan ɗaya kamar ganyen rimi? Wannan tambaya ce ke cin zuciyata kamar gara.

Zan hau jirgin ƙasa zuwa Ibadan ranar 22 ga wannan wata. Ina bukatar amsarki kafin sakamako, ba bayansa ba. Idan kika jira na'ura ta wanke ni sannan kika ce kin yarda, to da na'urar kika yi alkawari. Idan kuma kin fasa, ba zan zarge ki ba, kuma ba zan nemi wata ba. Zuciyata ta riga ta yi rantsuwa, ko kaina ya warke ko bai warke ba.

Saboda haka ina neman amsa a rubuce, da hannunki, ba da bakin Baba ko na Fasto ba, ta iso ni kafin ranar Alhamis, 20 ga Oktoba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Rufus Meshak.