Gonar Malam Siddiƙu

Daga Audi majemi, Sakkwato, zuwa ga ɗansa Na'Allah a Wurno.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya kamar yadda muke nan. Innarka tana gaishe ka.

Saƙonka ya iso, cewa in makaranta ta sake tsayawa da daminar bana za ka aiko a ɗauki ɗiyarka Sadiyatu ta koma wajenka. Ban ga laifinka ba. Kowace shekara ruwa na sauka Malam Siddiƙu ke rufe zaure shi tafi gona da matarsa Uwani, wadda ke karantar da 'yan mata a cikin gida, don 'yan kuɗin wurin da yara ke kawowa ran Laraba ba su ciyar da gida. Amma ka dakata mini. Gidan nan in ba amaryata Sadiyatu, ni da innarka sai kallon bango.

Ga abin da ya sa na ce ka dakata. An yi shela daga fada cewa za a riƙa ware wa malaman unguwanni hatsi daga baitulmali, a daina korar yaro don bai kawo na Laraba ba. Sharaɗi ɗaya ne: makarantar da ke rufewa da damina ba ta ciki. Malam ya ce mana shi kam ba ya iya sakin fartanya don hatsin da sai kaka za a gani. Mu tsofaffin da ke karatu wajensa bayan magariba munka ce shi zauna kan buzunsa, mu za mu nome masa gonar.

Ka ba ni damina guda. Wassalam.

Mahaifinka, Audi.

*

Zuwa ga Na'Allah, gaisuwa da fatan alheri. Yaya ruwa a wajenku, yaya ƙafar matarka?

Ka yi dariya iyakar son ranka, don duk unguwa ta riga ka. Munka fita noman farko, ni da Mode marini da Jibrin maɗinki da sauranmu, mutanen da ba wanda ya riƙa fartanya tun yana saurayi. Malam ya ce gonarsa tana jikin babban gawo. Munka iske gawon, munka duƙa. Mode yana ta yi mini tsiya wai ina kankare ƙasa kamar fatar akuya, ni ko na ce masa shi kula kada shi rina geron. Sai da rana ta take, bayanmu ya ƙage, wani mutum ya zo ya tsaya yana kallonmu. Ya yi mana sannu da aiki, ya ce shi ne Maccido, kuma gonarsa ce munka nome tas. Ta Malam tana ɗaya gefen, ciyawa har gwiwa.

Na zauna a kunyace, na ce shi ke nan, amaryata ta tafi Wurno, don ba mu da sauran ƙarfin wata gonar. Da Maccido ya ji dalilinmu, ya yi dariya har ya dafa gawon, sannan ya ce: "Baba, ku koma ga allunanku. Ni da 'ya'yana mun ɗauki ta Malam har girbi, in matarsa za ta karɓi 'yan matana biyu."

Uwani ta karɓe su tun washegari. Zaure bai rufe ba, Na'Allah. Ana ruwa ana karatu.

Mahaifinka, Audi.

*

Zuwa ga ɗana Na'Allah, aminci da yardar Allah su tabbata gare ka da gidanka.

Albishirinka. Cikin marka wakilin ma'aji ya biyo unguwarmu ba sanarwa, rigarsa sharkaf, ya iske yara sun cika zaure, na cikin gida kuma muryarsu har waje. Ya leƙa ya wuce, munka yi ta jira har girbi. To ga kaka ta yi, jiya jakuna sunka tsaya ƙofar Malam da dammunan gero, har da rabon Uwani daban, da sunanta. Malam ya tara iyaye ya ce daga yau ba yaron da zai zauna gida ran Laraba don kunya. Ni da ban san harafi ba sai da furfura ta fito mini, na tsaya cikin mutane ina hawaye, Mode yana zungurina.

Sannan ɗan saƙonka ya iso da maganarka cewa Sadiyatu ta zauna ta sauke a hannun Uwani. Allah shi yi maka albarka. Da na gaya wa innarka, ta tashi ta jawo wani ƙunshi daga bayan gado. Ashe tun bazara ta ɗaure kayan yarinyar ba ta gaya mini ba, don kada ranar ta zo hannunta shi kasa. Yanzu haka tana zaune tana kwancewa.

Ka gaishe da kowa. Wassalam.

Mahaifinka, Audi majemi.