Sikelin Kaya Ba Naki Ba Ne, Mariya

Garki, Abuja
Laraba, 6 ga Mayu, 1992

Zuwa ga Mariya, sanyin idona, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata, inuwar tsamiyar da nake gudu gare ta in rana ta gasa ni, matata, aminiyata, wadda muryarta kaɗai ke sa abinci ya yi mini daɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, kuma gaisuwar mai laifi. Wata uku ke nan da na ajiye ki gidan Baba a Zariya, na biyo ma'aikatarmu daga Legas zuwa wannan sabon gari, da alkawarin ana ba ni gida zan zo in ɗauke ki. Damina ta kankama a nan, masoyiyata. Kullum da yamma hadari kan taru a kan Dutsen Aso, titunan nan masu faɗi su jiƙe sharkaf ba kowa a kansu, ni kuwa in tsaya bakin taga ina ƙirga kwanakin da ban ga fuskarki ba. Wa zan nuna wa wannan kore? Wa zai ce mini in rufe tagar kada mura ta kama ni? Amma yau ba kewa ce ta sa na ɗauki biro ba. Na yanke wata shawara ne, kuma ba mai juya ni daga kanta.

Ranar Asabar na je kasuwar Zuba in sayi mangwaro in aiko miki. Na iske yayanki, Yaya Manniru, ana loda masa abarba a mota, na yi masa sallama, ya amsa a ciki kamar ba surukinsa ke magana ba. Sai da ya ja ni bayan mota sannan ya faɗa mini: wata guda cur kina azumi ba fashi, ba sahur, in an sha ruwa lemon zaƙi ɗaya da shayi ba madara, shi ke nan sai gobe. Ya ce kin zubar da kilo tara. Ya ce gashinki na bin mataji. Ya ce ranar Alhamis jiri ya kwashe ki a bakin murhu kina soya wa mutanen gida ƙosai, ƙosan da ko ɗaya ba za ki ɗanɗana ba, har gefen kasko ya ƙone ki a hannu. Innalillahi! Hannun nan da nake riƙewa in za mu tsallaka titi a Obalende, can Legas? Ban san lokacin da ledar mangwaron ta suɓuce mini ba.

Na san inda abin ya samo tushe, kuma ba zan ɓoye a bayan kowa ba. Kin tuna ranar da muke auna kayan ma'aikata a harabar ofis a Legas, kowa da iyakar nauyin da tirela za ta ɗaukar masa? Kin kawo mini tuwon shinkafa da miyar taushe a kula, kin sha atamfarki mai ruwan ganye, kina sheƙi kamar ganyen ayaba bayan ruwa. Ni kuma, ma'ajin sito mai sikeli da bakin da ba ya jin birki, na ja ki da wasa na ɗora ki a kan sikelin kaya. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na karanta lambar da ƙarfi, casa'in da huɗu, na ce ai ke sai dai ki jira mota ta biyu. Thaddeus mataimakina ya yi dariya, direbobi suka yi, ke ma kika yi. Na cinye tuwon nan tas, na suɗe hannu, ban lura ba cewa har kika tafi ba ki sake ɗaga ido ba. Ni na manta da maganar kafin la'asar, ke kuwa kika ɗauko ta tun daga Legas har Zariya.

Sannan ga wautata ta biyu. Bayan ƙaramar Sallah kin rubuto kina neman izinina ki yi Sitta Shawwal, ki ɗora da nafila. Kai, irin fankamar da na yi! Na nuna wa abokan aiki wasiƙar, ina cewa ku ga irin matar da Allah Ya ba ni. Na ba ki izini a rubuce, har da sa hannu da kwanan wata, kamar ina fitar da kujeru daga sito. Ban tambaya ba ko sau ɗaya, me kike ci da asuba? Ba na shakkar ibadarki, Mariya, na san tsakaninki da Ubangijinki. Amma na san kuma wace magana ce ta hana ki sahur, domin daga bakina ta fita.

Tun ranar Asabar ɗin na so in biyo motar Yaya Manniru. Ogan ofishinmu ya ce makullin sito na hannuna, kuma tireloli na kan hanya har Juma'a, don haka ba inda za ni. Na aiko da saƙon baka cewa ki ajiye azumin nan. Yau Yaya ya dawo Zuba da amsarki: wai Inna ta roƙe ki har da hawaye, kika ciro takardata daga ƙarƙashin filo kika ce, “A rubuce Malam ya ba ni, a rubuce zai karɓa.” Wannan taurin kai naki, shi na gani na ce sai ke, yau ga shi ya juyo kaina. To, ga shi a rubuce.

Amma bari in fara ba ki labarin abin kunyar da na yi, ko kya yi murmushi. Na ce sai na ɗanɗana abin da kike sha. Ranar Lahadi na tashi ba sahur, na sha ruwa da lemo ɗaya da shayi tsura. Litinin haka. Kafin azahar ɗin Talata ina duba lambar akwatin fayil, sai na ga lambobin sun zama biyu biyu, ƙasa ta taso ta tarye ni. Kwana biyu da rabi, Mariya! Ƙato kamata, mai cika baki! Ke kuma kin yi talatin, kina shara, kina girki, kina yi wa mutane fara'a. Da Thaddeus ya yayyafa mini ruwa na farfaɗo, ba faɗuwar ce ta sa ni hawaye ba, lissafin kwanakinki ne.

Shi ya kai ni ɗakin shan magani na ma'aikata, wurin wata nas, Sista Lucy, 'yar Paikon Kore, mace mai faɗa kamar barkonon tsohuwa. Na zayyana mata komai, har da sikelin. Ta cire tabarau ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “Oga Surajo, matarka shi ba buhun masara ba ne. Kai ne ya kamata a kwantar, ba don jiri ba, don wannan bakin naka.” Ban yi musu ba. Sannan ta jawo takarda ta yi mini karatu, na rubuta komai don kada in rage ko in ƙara.

Ta ce ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da abin da ake kira kalori, kamar yadda ake auna man mota da lita. Ko mutum na kwance bai ɗaga tsinke ba, zuciya na bugawa, huhu na aiki, duk suna shan wannan man. Mace baliga kamarki tana bukatar wajen dubu biyu a yini. In tana so ta rage ƙiba, sai ta rage kamar ɗari biyar a kan abin da ta saba, amma kada ta sauka ƙasa da dubu ɗaya da ɗari biyu sai likita na tsaye a kanta. Namiji kuma kada ya sauka ƙasa da dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce to lemo ɗaya da shayi tsura fa? Ta ce da ƙyar su kai ɗari. Ɗari, hasken raina, a inda ake neman dubu da ɗari biyu a ƙalla! Ta ce saurin da ba ya cutarwa shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Wanda ya zubar da tara a wata ɗaya, yawancin abin da ya tafi ba kitse ba ne, ruwa ne da tsoka, kuma ita kanta zuciya tsoka ce. Daga nan jiri, da zubar gashi, da tsakuwa a matsarmama, kuma da an koma ci ƙibar kan dawo har da ƙari.

Zuciya tsoka ce. Tun jiya nake juya wannan magana. Ashe zuciyar da na ce na mallaka, wadda nake tutiya da ita, ita nake ci kaɗan kaɗan da wasan banza na minti ɗaya? Wallahi ban yarda ba. In an auna duk gine-ginen da ake ɗagawa a garin nan, da duwatsunsa, da tirelolin da ke shigowa cikinsa, ba su kai mini bugu ɗaya na zuciyarki ba.

Yau da safe na biya wani ɓangare na laifina. Sikelin nan ya iso Abuja tare da mu, yana bakin sito. Na tara Thaddeus da direbobin da suka yi dariya a Legas, waɗanda na samu daga cikinsu, na tuɓe takalmi na hau, na ce Thaddeus ya karanta da ƙarfi. Ya yi ta noƙewa, sai da na daka masa tsawa. Ɗari da ɗaya! Na fi ki da kilo bakwai tun kafin ki rage ko ɗaya, ga tumbi ya riga ni shiga ɗaki, amma ni ke da bakin tsokana. Na ce musu dariyar da aka yi wa matata ni ta dace da ita, su yi abarsu yanzu. Ba wanda ya yi. Thaddeus ya sunkuyar da kai ya ce, “Oga, ka gaishe da Madam, ka ce ya yi haƙuri da mu.”

Don haka, Mariya, ni Surajo mijinki, da hankalina da sa hannuna, na janye izinin da na bayar. Shekara shida muna tare ban taɓa ce miki na hana ba, yau na ce. Yaya zai taho miki da takardar nan yau da dare. Tana isa hannunki, gobe kada ki tashi da azumi. Sista Lucy ta ce kada ki afka wa abinci mai nauyi lokaci ɗaya, cikin da ya daɗe a rufe a hankali ake buɗe shi: kunun gyaɗa, ɗan farfesu, nono, ƙwai, kaɗan kaɗan sau da yawa a yini. Ta ce kuma lallai likita ya duba ki, ya auna jininki, ya ga ƙunar nan, kuma na roƙi Yaya ya kai ki gobe goben nan. In kin murmure, likita ya yarda, ga Litinin ga Alhamis, mu yi nafilarmu tare, da sahur na mutunci.

Ni dai, Allah Ya sani, ban taɓa kallon ki na so a rage komai ba. Kumatun nan da ke lotsawa in kin yi dariya, tafiyar nan taki ta ƙasaita kamar hadarin gabas, wa ya ce miki na gaji da su? Amma na tuna kin sha yi mini kukan gwiwa tun muna hawa benen gidanmu na Legas. In don gwiwarki kike so, don kanki ba don bakina ba, to ba ke kaɗai za ki yi ba. Akushi ɗaya za mu ci. Malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ganye ta fi tuwon yawa, man gyaɗa da cokali ba da ludayi ba, tunda an ce cokali ɗaya ma ya haura kalori ɗari. Lemon kwalba ni zan fara rabuwa da shi, kin san kuwa wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Bayan la'asar mu fita mu taka titunan nan da ba kowa, sai ka ce don mu aka shimfiɗa su. Rabin kilo a mako, ba gudu. In shekara za ta ci, ta ci. Ina muke sauri, mu da muka yi alkawarin tsufa tare?

Ga labarin da na so in fara da shi, da ban ɓata komai ba: an ba mu gida. Ɗaki biyu da falo a nan Garki, hawa na farko, akwai bishiyar mangwaro a bayan kicin. Jibi Juma'a zan karɓi makulli, in sauke tirela ta ƙarshe, Asabar da hantsi in Allah Ya yarda ina ƙofar gidan Baba. Ki tanadi abin kari na mutum biyu, domin ba zan kai loma bakina ba sai na ga kin kai taki. In kina fushi, ki yi shi da ƙarfinki, ki yi mini faɗan da na cancanta da cikakkiyar murya, zan tsaya in sha.

Na yi shatar mota guda daga Zuba, mu biyu kawai da direba. Kayanmu da ke ajiye gidan Baba, akwatuna da tukwane da keken ɗinki, su za su jira, su biyo baya duk ranar da suka ga dama. Ke ce a mota ta farko, Mariya, kuma ba wanda zai auna komai.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a auna ayyukanmu ba jikinmu ba,

Surajo