Wurin Solomon a Filin Tanis

Zuru, 11 ga Fabrairu, 2007

Zuwa ga Maman Prosper,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da Prosper da mutanen gida. Na san za ki yi mamakin ganin takardata bayan shirun shekara huɗu.

Na koma wasan tanis. Likita ya ce ƙarfen da ke ƙafata ya zauna daidai, shi ne na fara zuwa filin bariki da yamma. Ranar farko ko minti goma ban yi ba, na zauna a gindin raga ina haki.

Malam Ladan, malamin wasanni na sakandare, ya nemi mu yi wasan bibbiyu a gasar Birnin Kebbi watan gobe. Ban ba shi amsa ba. Shekara tara mijinki Solomon ne ke tsayawa a haguna, kuma daga irin wannan gasa muke dawowa ranar da motata ta kife da mu. Ba zan sa wani a wurinsa ba sai da yardarki.

Ki huta lafiya.
Mika

Kanya, 26 ga Fabrairu, 2007

Mika,

Muna lafiya, mun gode Allah. Na ji daɗi da ƙafarka ta warke.

Ban taɓa riƙe ka da zancen hatsarin ba. Taya ce ta fashe, kowa ya sani. Ranar jana'iza kana asibiti, wannan ma mun sani. To bayan ka tashi fa? Daga Zuru zuwa Kanya ba tafiyar kwana ba ce. Mama ta yi ta tambaya ko abokin ɗanta ya fara takawa, har ta rasu bara da damina ba ta gan ka ba.

Yau kuma saboda ƙwallo ka tuna da ni. Ka je ka yi wasanka, filin ba nawa ba ne.

Rebecca

Zuru, 25 ga Maris, 2007

Maman Prosper,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar Mama. Ban ji rasuwarta ba sai a takardarki. Kwana biyu ban iya fita ba.

Mun je gasar. Da farko ƙafar ba ta ba ni matsala ba, har muna gaba. Can sai ƙwallo ta biyo tsakiya, na ji bakina ya ce, "Solomon, taka ce!" Malam Ladan ya tsaya cak yana kallona, ƙwallon ta wuce. Daga nan ban ƙara buga abin kirki ba. An cinye mu, muka dawo gida.

Kin tambayi abin da ya hana ni zuwa. Da safiyar ranar hatsarin Solomon ya durƙusa ya duba tayar, ya ce ta suɗe, mu tsaya a canza kafin mu kama hanya. Na yi masa dariya, na ce za ta kai mu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata. Da wane ido zan dubi Mama?

In kin yarda, zan zo Kanya bayan Ista in durƙusa a gabanki.

Naki cikin nadama,
Mika

Kanya, 14 ga Afrilu, 2007

Mika,

Na gaishe ka. Takardarka ta iso, na karanta sau uku na ƙona ta, don Prosper ya iya karatu yanzu.

Shekara huɗu ina gaya wa kaina babu yadda aka iya, da haka nake samun barci. Ka sauke kayanka, yanzu ni ke ɗauke da shi.

Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe maka, amma bai ba ni ba tukuna. Kada ka zo bayan Ista. Ranar da zan iya duban fuskarka, ni zan aiko.

Ka gaida matarka.
Rebecca