Sabon Murhun Gashi da Ƙafar Maigidana

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san da kin ji a kan murhun gashi nake rubuto miki za ki ce wannan tsohuwa ta rasa aikin yi. Ki daure ki karanta har ƙarshe, wallahi abin ya hana ni sukuni.

Maigidana tsohon direban babbar mota ne. Yaranmu sun tashi suna ganinsa jefi-jefi, kuma shi ba mai daɗin baki ba ne, ko sannu sai ka roƙa. Amma duk ranar da ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi zai nufi murhunsa a kusurwar tsakar gida, ya hura gawayi, ya gasa musu nama ko kifi, ko masara in aljihu ya yi sanyi. Da haka yake gaya musu ya yi kewarsu. Yanzu duk sun yi aure, amma ƙarshen mako ba ya wucewa sai sun cika mana gida da jikoki, shi kuma yana tsaye bakin wuta da mafici yana yi wa kowa faɗa a matsa masa. A ranar kaɗai nake jin dariyarsa har daga kicin.

Murhun nan tsohon yayi ne, ƙarfe mai nauyin tsiya, ƙafa huɗu, babu taya, da teburin katako mai kauri a gefen hagu wanda yake haɗe da jikinsa. Gaskiya ya ci zamaninsa. Cikinsa ya cinye har ya huje, garwashi na zubowa ta ƙasa. Kwanakin baya ya huda wa surukata gefen zane, baiwar Allah ta ce ba komai, amma na ga yadda ta kalli zanen.

Ga inda matsalar take. Bara Maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, baki ya dawo, hannu ya dawo, yara suka ɗauka ya warke sarai. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san ƙafar hagu ba ta dawo ba. In ya daɗe a tsaye sai ta kama rawa, wani lokaci ta saki gaba ɗaya. Sandar da aka ba shi a asibiti, da ya ji ƙarar motar yara sai ya cusa ta ƙarƙashin gado. To a bakin murhu da me yake tsayuwa? Da teburin nan. Ya dafe shi da hagu, ya sakar masa nauyinsa duka, yana juya nama da dama, kowa na ganin salon tsayuwa ne irin na gwanaye. Ya sa ni na yi masa alkawari ba zan gaya wa yara ba. Ya ce ranar da suka sani za su zaunar da shi a kujera su rufe masa ƙafa da bargo, a riƙa miƙo masa nama a faranti kamar baƙo. Da ya faɗi haka idonsa ya kawo ruwa, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba. Na yi alkawarin.

Sai babban ɗanmu ya tashi yin abin kirki. Ya ɗauke mu zuwa kanti ya nuna mana sabon samfuri, yana ta zumuɗi. Anti, abu ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga murfi, ga agogon auna zafi, ga durowar toka da za ka zaro ka zubar, kuma ni ce mai kwasar tokar nan da tsintsiya duk mako, har raina ya biya. Tayoyi gare shi, da tebur biyu, hagu da dama, masu naɗewa. Maigida ya zagaya shi, ya ɗora tafin hannu a kan teburin hagu ya danna. Teburin ya lanƙwashe, murhun ya gangara, shi kuma ya tafi luu. Na cafke gwiwar hannunsa kamar ina kaɗe masa riga. Ba wanda ya lura. Da ya samu numfashi sai ya ce wannan ai gwangwani ne aka shafa wa fenti, kayan 'yan gayu, shi ba ya so.

Fuskar ɗan namu ta canza. Shi da ubansa kamar an tsaga kara wajen taurin kai, kuma tun yana ƙarami yake neman ranar da uban zai ce masa ya kyauta. Ya mayar da mu gida ya wuce. Daga baya ya kira ni yana cewa duk abin da ya yi Baba sai ya kushe, ya gaji. Ya rantse ƙarshen wata zai kawo sabon, ya ba masu sayen tsohon ƙarfe namu, in kuma Baba ya ƙi to shi ya daina kawo 'ya'yansa kusa da murhun da ke zubar da wuta. Ƙannensa duk suna bayansa, har suna cewa ni nake ɗaure wa Baba gindi.

Ni 'yasu, ya zan yi? In na yi shiru aka kawo sabon, Maigida ba zai ce ba zai iya ba, zai je ya dafe shi, ni kuma ina hango shi a ƙasa da garwashi a jiki. In na kafe a kan tsohon, ɗana zai ɗauke ƙafa yana ganin ubansa ba ya ƙaunarsa. In na faɗi gaskiya na ci amanar mutumin da bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ina son su duka biyun, har zuciyata na ciwo. Wanne zan zaɓa, tsohon ko sabon?

Matar tsohon direba

*

Mama, sannu da ƙoƙari. Ban yi miki dariya ba, kuma ba ki rasa aikin yi ba. Kin ɗauki kayan mutum biyu ke kaɗai, dole wuya ta gaji.

Mu fara da ƙarfen, shi ya fi sauƙi. Ɗanki yana da gaskiya: murhun da ya huje yana zubar da garwashi a gidan da jikoki ke guje-guje bai kamata a sake hura shi a haka ba, ko sau ɗaya. Baba ma yana da gaskiya, ko da yake ya faɗe ta da kaushi. Tebur mai naɗewa an yi shi ne don faranti da wuƙa, ba don nauyin mutum ba, taya kuwa aikinta ke nan ta gangara. Ga mai ƙafa lafiya sabon ya fi ta ko'ina. Ga Baba, wancan da aka nuna muku haɗari ne. Kada ya shigo gidan.

Amma zaɓin bai tsaya a kan waɗannan biyun ba. Cikin sababbin akwai masu ƙafa huɗu ba taya, masu teburin ƙarfe da ba ya naɗewa, kuma har da durowar tokar da ranki ya biya, don ke ma kina da haƙƙi a ciki. In kuma ƙafafun tsohon da teburinsa suna da sauran ƙarfi, mai walda zai iya sake masa sabon ciki. Ko wanne aka ɗauka, ni ba na son mutum mai raunin ƙafa ya dogara da abin da wuta ke ciki. A kafa masa wani tebur daban mai nauyi a hagunsa, wanda ba ya haɗe da murhun, da doguwar kujera a bayansa wadda zai ɗosana a kai ba tare da ya bar bakin wuta ba. Ki kuma tabbata likitansa ya ji cewa ƙafar tana saki, don wannan ba abin ɓoye wa asibiti ba ne.

Saura alkawarin. Kada ki karya shi a bayan idonsa, zai ji ciwon da ya fi na ƙafar. Amma kada ki ci gaba da riƙe shi shiru, domin lokacin da kika ɗauka ba wanda yake cutuwa, yanzu kuwa ɗanku yana cutuwa. Ki zauna da Baba ku biyu, ki gaya masa abin da yaron ya faɗa miki a waya, kalma da kalma, kada ki sassauta. Ina kyautata zaton bai san ya ji masa ciwo haka ba. Sannan ki roƙe shi ya faɗa wa babban ɗansa da bakinsa, shi kaɗai, ba taron gida ba. Ya kuma kafa sharaɗinsa a fili: ba mai karɓe masa mafici, ba mai zaunar da shi. Tsoronsa ba shirme ba ne, 'ya'ya sukan kashe iyaye da tausayi tun suna raye, don haka ki tsaya masa a kan wannan sharaɗi ko da za a sake cewa kina ɗaure masa gindi.

Daga nan su koma kantin su biyu, ke ki yi zamanki a gida. Baba ya danna duk teburin da yake so, ɗansa na gefe ya san dalili. Yaron da ya girma yana jiran ubansa ya ce ya kyauta, ba abin da zai kai masa daɗi kamar uban ya ce masa ina bukatarka.

In Baba ya yi gardama, kuma zai yi, ki gaya masa yaran nan ba tsayuwarsa suke zuwa kallo ba. Suna zuwa ne don yanzu in sun buga ƙofa yana gida.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zuciyar ɗanku, ke kuma ya saka miki da alheri, ya bar ku tare.

Anti