Ƙanƙarar Ta Narke

Yaya Lamont,

Na tafi aiki, ban tashe ka ba. Ka san ba na iya magana idan kana kallona, shi ya sa na rubuta.

Ɗazu na buɗe firiza zan ɗauko nama, ban ga kwanon nan ba. A wurin wanke-wanke na same shi, ƙanƙarar ta narke, katunan bashinka uku babu ko ɗaya. Da hannunka ka saka su a ruwa ka daskarar da su bara don ka daina cin bashi, ranar da na sa maka hannu banki ya haɗe bashin wuri guda. Ka ce, “Charisse, ƙanwata, in na sake taɓa su, ki kira ni kare.” Ba zan kira ka haka ba. Na dai ga kwalin sabon talabijin a bayan gareji.

Yanzu kana so a sake haɗe bashin, a jinginar da motata. Dala dubu tara, Yaya. In aka ƙwace ta, da me zan je wurin aikina a otal in gyara gadajen mutane?

Kada ka jira ni a banki ƙarfe huɗu. Ba zan zo ba.

Na wanke kwanon. Na Mama ne, na kai shi ɗakina.

Charisse